Indomin Sprinter ta toshe, bakanike ya ce a yanke, ku ba ni shawara

Baban Ikram:
Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema a kan motata, Sprinter ce mai gas 'yar Kwatano ƙirar 2016, irin mai shan ruwan AdBlue ɗin nan. Wata goma ke nan da na saye ta ina ɗaukar kaya tsakanin Kaduna da Abuja wani lokaci Kano, lafiya lau take ja ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai watan jiya wutar cek ta fara kamawa tana ɗaukewa ban ɗauki abin da zafi ba. To shekaranjiya ina dawowa daga Abuja da lodin tayil, na wuce Tafa kaɗan kawai sai ta saki jiki, ka taka totur har ƙasa ba ta wuce 60, ga wani rubutu ya fito a allo wai saura kilomita kaza in na kashe ta ba za ta ƙara tashi ba. Haka na lallaɓo ban shigo gari ba sai ƙarfe 1 na dare. Na kai wa bakanike ya ce indomi ce ta toshe, wato tukunyar nan ta salansa mai tace hayaƙi, a yanke ta a sa miƙaƙƙen faif a goge ta a birenbos, wato kwamfutar motar, kowa ya huta, har akwai wani a gefe da ya ce zai saya hannu da hannu. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, abin da ake rububin saye haka ai ba banza ba ne. Me kuke gani?

Ɗan Panteka:
Wslm oga. Yanke kawai. Shekarata 14 ina walda salansa, irin taka ba na iya ƙirga wadda na cire. An yi abin nan ne don Turai, man su daban hanyarsu daban iskarsu daban. A nan ko ka sa sabuwa dal wata shida ta sake toshewa, kuɗinka ne zai tafi a banza.

Auta Mai Sikana:
Oga kafin a taɓa komai an jona mata kwamfuta kuwa? Don rubutun kilomita ɗin nan da ka gani ba na toshewa ba ne, na ɓangaren AdBlue ne. Motarka ba indomi ɗaya gare ta ba, uku ne a jere.

Baban Ikram:
Uku kuma? Ni dai tulu ɗaya na gani a ƙasa. Ba a jona ba, ya saurari ƙarar ne ya taɓa salansa ya ce ita ce.

Malam Injiniya:
Assalamu alaikum. Baban Ikram Allah ya kiyaye gaba. Auta ya faɗi gaskiya, kuma don Allah ka dakatar da yankan nan ko na kwana uku ne, bari in ɗan yi bayani yadda za a gane.

Abin da muke haɗawa mu kira indomi a motar gas ta zamani abu uku ne. Ta farko mafi kusa da inji ita ce DOC, kamar saƙar zuma take, ramukan a buɗe suke gaba da baya, an shafe cikinsu da wani farin gari an barbaɗa ƙarafa masu tsada guda biyu a kai, filatinam da faladiyam. Su ne abin da mai sayen nan yake so, ba tukunyar ba. Aikinta ta ƙarasa ƙone gas ɗin da bai ƙone ba da iskar nan mai kisa irin ta hayaƙin janareto. Ta biyu DPF, ita rariya ce, kowane rami an toshe bakinsa ɗaya dole hayaƙi ya ratsa ta bango ya bar kunkunniya a ciki. Ta uku SCR, a gabanta ake fesa AdBlue, zafi ya mayar da shi amoniya, ita kuma ta haɗu da iskar NOx mai cutarwa da injin ke fitarwa su koma iska mara illa da tururin ruwa.

Abin da nake so a riƙe shi ne abubuwan nan ba sa mutuwa haka kawai, kashe su ake yi, kuma ba hanya ɗaya ba. Akwai wadda ta toshe, akwai wadda ta sha guba, akwai wadda zafi ya tsofar. Wata tana farfaɗowa wata har abada. In ba ka san wacce ta samu taka ba to yanka ma ba lallai ya raba ka da matsalar ba.

Ɗan Panteka:
Malam duk wannan karatun ƙarshensa dai man mu ba kyau. Abin da na faɗa ke nan.

Malam Injiniya:
Ɗan Panteka ban musa maka ba, maganar mai gaskiya ce kuma ita ce babba. Farar wuta ce a cikin gas, wadda ake ce wa salfa. Ana auna ta da ppm wato kashi nawa cikin miliyan. Turai tun 2009 ba a sayar da gas ɗin mota da ya wuce 10, Amurka 15 tun 2006. Mu nan a da shekara da shekaru dokarmu ta yarda har 3000. Bari in kawo maka shi kusa, tanka mai lita 33,000 in gas ɗin 3000 ne to akwai farar wuta sama da kilo 80 a narke a ciki, ya fi buhun siminti ɗaya da rabi. Tankar Turai mai 10 kuwa duk abin da ke ciki bai fi cikin gwangwanin madara ba. Motar Baban Ikram an ƙera ta ne a kan lissafin gwangwanin madara.

A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan ƙazamin man da ake haɗawa a Turai a kawo Afirka ta Yamma, a ƙarshen shekarar Najeriya da Gana da Benin da Togo da Kodebuwa suka amince za a sauko zuwa 50, ECOWAS ma ta tsayar da 50 ɗin a 2020. To amma takarda daban abin da ke shiga tankinka daban, balle in ka sha a hannun 'yan bumburutu ko wanda aka dafa a daji ko aka sirka da kananzir da baƙin mai.

Yadda take yin ɓarnar kuwa, in ta ƙone a inji sai ta fito a matsayin iska, da ta iso DOC filatinam ɗin da kansa yake ƙara mata ƙarfi ta koma mai kama jiki, sai ta manne a kan faladiyam da farin garin nan ta rufe wuraren da ya kamata hayaƙi ya taɓa. Daga nan ta wuce SCR, ita kuma ta ƙananan motoci irin wannan yawanci jan ƙarfe ne aka dasa a cikin wani ma'adini mai ƙofofi ƙanana ƙwarai da ake kira ziyolait, farar wuta tana son jan ƙarfe, ta kama shi, kuma ta haɗu da amoniyar AdBlue su yi wani gishiri, ainihin irin takin zamanin nan na salfa, ya liƙe ƙofofin. Sai sensa ta baya ta ga NOx bai ragu ba, birenbos ya ɗauka ba ka zuba AdBlue ko ka zuba na banza, shi ne ya fara maka ƙirgen kilomita.

Amma fa ita gubar farar wuta tana da sauƙi ɗaya, mafi yawanta tana sauka in abin ya yi zafi sosai sama da digiri 500 na ɗan lokaci da mai mai kyau. Ba ita nake tsoro a motar nan ba.

Alhaji Mai Daf:
Injiniya ina da ja. Ina da DAF guda biyu XF masu AdBlue, shekara shida suna Legas suna Maiduguri, ba gidan man da ba su sha ba, ban taɓa canza tukunyar salansa ba. In farar wuta na kashewa me ya hana ta kashe nawa?

Malam Injiniya:
Alhaji ranka ya daɗe tambayarku tana kan hanya. In Euro 5 ne naku, wato mataki na biyar na ƙa'idar hayaƙin Turai, kuma ina kyautata zaton su ne, to ba su da rariyar DPF ma sam, SCR ce kaɗai, kuma galibin manyan motocin wancan zamanin ba jan ƙarfe ne a ciki ba, wani ƙarfe ne banadiyam. Shi yana jure farar wuta sosai shi ya sa har yanzu ake sa shi a motocin da za a kai ƙasashen da mansu bai da tsabta. Rauninsa shi kuma zafi, in ya wuce wajen 550 zuwa 600 ya daɗe a haka sai ya lalace. Ka ga kowanne da inda yake da ƙarfi. Duk ranar da kuka sayo Euro 6 za ku ga bambanci, ita duk ukun gare ta.

Alhaji Mai Daf:
To shi ya sa yarona ya dage kar in sayi sabbin nan. Madalla, na gane.

Baban Ikram:
Malam ka ce ba ita kake tsoro ba, to wacce? Wlh gabana ya faɗi.

Malam Injiniya:
Wane baƙin mai kake juye da shi, kuma tana rage shi tsakanin juye da juye?

Baban Ikram:
Mai kaurin nan 20W-50 wanda ake sa wa manyan motoci, bakanike ya ce shi ne daidai da zafin garinmu. Ragewa kam tana yi, duk zuwa Abuja biyu sai na ƙara kamar lita ɗaya. Na ɗauka haka motar gas take.

Auta Mai Sikana:
Innalillahi. Oga lita ɗaya a tafiya biyu ba lafiya ba. Turbo ne ko ringi.

Malam Injiniya:
To nan ne. Baƙin mai ba mai ne zalla ba, ana zuba masa sinadarai don ya kare inji, akwai wanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe shi yana ɗauke da zink da fosfaras, akwai masu wanke datti su kuma kalsiyam da magniziyam ne. A cikin inji alheri ne. Amma duk ɗigon da ya sulale ya ƙone ya bi salansa, waɗannan ba sa ƙonewa, ƙarafa ne da ma'adinai.

Fosfaras shi ne mugun. Yana sauka a bakin DOC ta gaba, inci na farko zuwa na biyu, ya haɗu da zink da kalsiyam da farin garin ya yi wani ɓawo kamar gilas ya lulluɓe filatinam. Filatinam ɗin yana nan bai je ko'ina ba shi ya sa mai saye zai biya ka, amma hayaƙi ba ya isa gare shi. Kuma wannan ba ya sauka da zafi ba ya sauka da gudu a hanya, ya zauna ke nan. Sauran kuma su wuce su taru a rariya a matsayin toka. Mutane suna haɗa kunkunniya da toka alhali ba ɗaya ba ne, kunkunniya baƙa ce tana ƙonewa, motar da kanta take fesa ƙarin gas ta kai zafin wajen 600 ta cinye ta. Toka kuwa kamar ta murhu ce, wa ya taɓa ƙona toka? Sai dai a sauke a fitar da ita.

Kuma ku duba yadda abin ke jan juna. Wannan zafi na 600 ɗin DOC ce ke samar da shi, ita ke ƙona gas ɗin da aka fesa. In bakinta ya mutu zafin ba zai kai ba, rariya ba za ta ƙone kunkunniya ba sai ta toshe, SCR ma ba za ta samu zafin da zai sauke mata farar wuta ba. Sai a ce rariya ce ta lalace alhali ta gabanta ce ta kwanta, ita ma baƙin mai ne ya kwantar da ita.

Shi ya sa masu motar suka ce a sa mai mai ƙarancin toka. A jikin galan za ka ga ACEA C3, na Mercedes kuma 229.51 ko 229.52, manyan motoci E6 ko E9 ko CJ-4 da CK-4. Shi C3 tokarsa ba ta wuce kashi 0.8 cikin ɗari. Kaurin mai ba shi ne kariya ba, wannan magana ta zamanin 504 ce da ake haɗawa a Kakuri, injin yanzu ramukan mansa sirara ne.

Ɗan Panteka:
Malam ka san nawa ake sayar da galan ɗin C3 na gaske? Kuma a cikin goma nawa ne na gaske a kasuwa? Mutumin nan lodi yake yi ya ci da iyali. Ku kuna magana kamar a Jamus muke. Ni wanda ya zo wurina yana kuka motarsa ta kwana uku ba aiki ba zan ce masa ya je ya nemo ziyolait ba, zan cire masa ya tafi neman abinci. Kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na cuce shi.

Malam Injiniya:
Wallahi na san da haka ɗan uwa, kuma ban ce kai macuci ba ne, ni ma a garin nan nake sayen mai. Amma dubi wannan motar takamaimai. In turbo ne ke zubar da mai ka yanke indomi ka goge wuta, ka kashe ƙararrawa ne ka bar ɓarawo a ɗaki. Turbo zai ci gaba da zuba har ranar da zai saki gaba ɗaya, kuma ka fi ni sanin abin da injin gas ke yi in ya fara shan baƙin mansa, ka zare makulli ba zai mutu ba sai ya tarwatsa kansa. Kuɗin inji da na galan wanne ya fi?

Ɗan Panteka:
Wannan kam na taɓa gani da idona a bakin Mando, wata bas ce, hayaƙi fari ya rufe titi kowa ya gudu. A gyara turbo ban ƙi ba. Amma indomi dai a cire.

Maman Abba:
Ku yi haƙuri in sa baki duk da ni ba mota gare ni ba, mijina ne ke cikin grup ɗin nan da wayarsa nake gani nake bi. Shagona yana bakin bypass wajen da manyan motoci ke tsayawa, in na share kanta da safe kafin azahar in na shafa hannu baƙi ƙirin yake fitowa, ledar biredi ma sai na goge kafin in miƙa wa mutum. Yarona na biyu yana da asma, in ya wuni a shagon ranar ba mai barci a gidan, ƙirjinsa kamar ana busa usur. Na daina zuwa da shi. Ni ban san DOC ban san komai ba amma in dai wannan abin da kuke cewa a yanke shi ne ke tare baƙin nan to don girman Allah wanda ke da halin gyarawa ya gyara. Ku kuna gaba a zaune hayaƙin a baya yake fita, mu ne a bayan.

Alhaji Mai Daf:
Allah ya ba yaro lafiya 'yata. Magana ta gaskiya.

Malam Injiniya:
Amin. Maman Abba abin da kike sharewa shi ne ainihin abin da rariyar ke kamawa, kuma wanda ido ke gani ma shi ne mai sauƙi, ƙananan su ne ke shiga can cikin huhu. Tun 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin gas a sahun farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji. Kuma mu tuna wanda ya fi kowa shaƙa shi ne bakanike da yaran gareji da kwandasta.

Ɗan Panteka:
Allah ya ba shi lafiya hajiya. Ni ma tari ba ya rabuwa da ni in iskar hunturu ta taso, ba wai ban sani ba ne.

Auta Mai Sikana:
Oga Baban Ikram wata tambaya, AdBlue ɗin a ina kake saye? A rufe yake ko awo?

Baban Ikram:
Da farko na rufe nake saye, da ya yi tsada sai wani ya haɗa ni da mai sayarwa a jarka rabin kuɗi. Ya ce duk abu ɗaya ne taki ne da ruwa.

Auta Mai Sikana:
Ai kuwa ba ɗaya ba ne. Na gaske yuriya ce kashi 32.5 sauran ruwa ne da aka tace aka cire masa komai, za ka ga an rubuta ISO 22241 a jiki. Yuriyar buhu ta gona akwai abin da ake shafa mata don kar ta dunƙule da wasu datti, in kuma aka jiƙa da ruwan rijiya ko na bohol to an ƙara kanwa da gishiri da ƙasa. Na sha kwance nozul ɗin AdBlue in tarar da farin dutse ya toshe bakin kamar cikin tsohuwar butar shayi. Kuma ko na gasken ne in aka jibge shi a rana a bakin titi wata da watanni ƙarfinsa raguwa yake, ba ya son zafin da ya wuce 30 na dogon lokaci, mu kuwa watan Maris kun san yadda Kaduna take.

Malam Injiniya:
Auta Allah ya yi maka albarka. In ƙara a kan nasa, farin dutsen da yuriya ta yi shi yana narkewa, amma gishirin ruwan, sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, in suka shiga cikin SCR suna zama ne a daidai gurbin da amoniya ke kamawa, a ziyolait ma har ture jan ƙarfen suke daga mazauninsa. Wannan ma ba ya fita. Alhaji wannan ya shafe ku, banadiyam yana jure farar wuta amma fotasiyam na kashe shi, ku ja kunnen direbobi kar a ba su kuɗin na rufe su zuba na jarka.

Haka ruwan lagireto in kular EGR, mai sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, ta fashe ta ciki yana bin salansa, haka gam ɗin silikon da ake lafta wa fakin, duk suna barin abu a kai.

Alhaji Mai Daf:
Gobe da asuba zan kira su ɗaya bayan ɗaya.

Baban Ikram:
To ba za a iya wanke ta ba? Na ji ana cewa ana jiƙawa a omo ko soda a kwana, wasu kuma su ƙona da wutar walda.

Malam Injiniya:
Kar ka bari. Soda ai cike take da sodiyam, ka ɗauki gubar da hannunka ka zuba ke nan. Ruwan batir kuma zai cinye farin garin ya zubo da filatinam ɗin a kwata. Rariya ita kaɗai ake wankewa, da iska ko ruwa mai tsabta ta baya zuwa gaba a busar da ita sarai kafin a mayar, don a fitar da toka. DOC da SCR ba a jiƙa su.

Wuta kuwa ita ce hanya ta uku da na ambata ban yi bayani ba. Filatinam ɗin nan ba a dunƙule yake ba, an warwatsa shi ƙanana ƙanana yadda ido ba ya gani don kowace ƙwaya ta taɓa hayaƙi. In zafi ya yi yawa sai su riƙa matsowa suna haɗewa, kamar ɗigon ruwa a kan gilashin mota, nauyin yana nan amma fuskar da ke aiki ta ragu kuma ba ya sake warwatsuwa. Ziyolait ma in zafi da tururi suka kai wajen 800 ginin cikinsa rushewa yake. Wannan tsufa ne, kowace indomi tana yin sa a hankali ko a Turai, amma nozul mai ɗiga ko rariyar da ta cika maƙil aka tilasta mata ƙonewa suna iya kai zafin sama da 1000 a yi tsufan shekara biyar a minti goma, har ta tsage ko ta narke. Don haka Auta in ta zo hannunka kar ka danna mata ƙonewar dole sai an sauke an ga yawan abin da ke ciki, musamman da yake jiƙe take da baƙin mai.

Auta Mai Sikana:
In sha Allah malam. Oga ka kawo ta da safe kafin rana ta yi, kar ka yi ta kashewa da tayarwa.

Baban Ikram:
Slm jama'a, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari, yau kwana biyar. Mun sauke komai ni da Auta, Ɗan Panteka ma ya zo da kansa shi ya kwance mana ba tare da ya yanka ba, Allah ya saka masa. Turbo ne, da aka cire faif ɗin intakula sai da baƙin mai ya zubo kusan cikin kofi. Bakin DOC ɗin na gani da idona, ta gaba ya yi wani fari fari mai ruwan toka yana ɗan ƙyalli in ka haska tocila, ka kankara da farce ba ya fita, ta baya kuma lafiya lau kamar sabuwa. Rariya ba ta tsage ba alhamdulillah, an wanke ta toka ta fito jaja jaja mai yawa. AdBlue na jarka Auta ya ɗiga a wani ɗan abin awo kamar tocila ya ce bai ma kai 25 ba, mun zubar mun wanke tankin mun sa na rufe. An gyara turbo an yi juye da 229.51.

Jiya muka hau hanyar Zariya da kwamfuta a jone, ƙirgen kilomita ya ɗauke bayan mun wuce Mararraban Jos, mota ta dawo da ƙarfinta. Sai dai Auta ya ce in ta fara ƙona kunkunniya zafin bayan DOC da kyar yake haura 500 kuma yana daɗewa kafin ya kai.

Malam Injiniya:
Alhamdulillah, SCR ɗinka ta farfaɗo ke nan, ba ta sha gishirin da yawa ba. DOC kuwa abin da na ji tsoro ne, bakinta ya tafi, sauran jikin ne ke ɗauke da aikin. Za ta kai ka wani lokaci in kana hawa doguwar hanya, amma in ka yawaita zirga zirgar cikin gari da goslo ɗin Kawo rariya za ta sake cika. Ka fara tara kuɗinta daga yanzu, ita kaɗai za ka canza ba duka ba.

Ɗan Panteka:
Akwai wata 'yar Beljiyam da aka sauke daga motar da ta yi hatsari, ban buɗe ta ba tukuna. Malam in na turo hoton bakinta za ka iya ganewa ko ta sha mai?

Malam Injiniya:
Turo, amma ka ɗauka da rana a waje, gaba da baya, ka haska tocila ta ɗaya bakin mu ga ko haske na ratsa ramukan duka. Ka girgiza ta kuma ka ji ko akwai abin da ke motsi a ciki. Sannan Auta ya duba lambar jikinta ta yi daidai da ta motar kafin Baban Ikram ya ba da ko sisi.

Ɗan Panteka:
To bari gari ya waye, yanzu an ɗauke wuta a shagon.